Wa Ya Kamata Ya Jefa Ƙwallo a Sahun Jifa na Zari-Ruga?

Ɗan Gefe:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai wata al'ada a wasan zari-ruga da aka riƙe tsawon shekaru ba tare da an sake auna ta ba, wato cewa huka, mai lamba 2, shi ne zai jefa ƙwallo duk lokacin da aka kafa sahun jifa. Da zarar ƙwallo ya fita daga fili, 'yan gaban ƙungiyoyin biyu suka jeru sahu biyu, aka shirya ɗaga dogaye sama su cafe, sai kowa ya juya yana neman mai lamba 2, ko da an san hannunsa ba shi da saiti. Ni a ganina wannan kuskure ne. Wanda ya fi kowa iya jifa a cikin 'yan wasa 15 shi ya kamata a miƙa wa ƙwallo, ko wace lamba ce a bayan rigarsa.

Ana zaɓen huka ne saboda sikiram, wato turereniyar da 'yan gaban ƙungiyoyin biyu ke yi a sunkuye don neman ƙwallo, inda yake tsakiyar layin gaba: gajeren wuya mai kauri, faɗin kafaɗa, da gadon bayan da zai jure turereniyar mutum takwas da takwas. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke taimaka wa mutum ya aika ƙwallo tsawon mita 12 ko 15 a miƙe, ya tsallake hannuwan abokan hamayya, ya faɗa daidai tafin wanda aka ɗaga sama da mita 3. Sai ka ga mutum ya miƙe daga sikiram, hannuwansa sun daɗe a maƙale a kafaɗun 'yan'uwansa, numfashinsa bai gama dawowa ba, an ɗora masa aikin da ya fi kowane aiki a filin buƙatar natsuwa. A daidai lokacin kuwa mai lamba 9, wanda ke karɓar ƙwallo daga 'yan gaba ya miƙa wa 'yan baya, da ɗan gefe, waɗanda sarrafa ƙwallo da hannu shi ne sana'arsu, suna tsaye suna kallo.

Tsohon Huka:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka kawo magana mai shiga hankali, amma ka fara lissafinka daga hannun mai jifa, alhali daga sahun kansa ya kamata a fara. 'Yan gaba takwas ne, cikakken sahu kuma mutum bakwai yake ɗauka idan ɗayansu ya fita jifa. A cikin bakwai ɗin nan kana buƙatar masu tsalle, wato dogaye masu lamba 4 da 5, tare da ɗaya ko biyu daga cikin masu lamba 6, 7 da 8. Kowane mai tsalle kuma sai da mutum biyu masu ɗaga shi, ɗaya a gabansa ɗaya a bayansa, kuma masu lamba 1 da 3 su ne suka fi ƙarfin wannan aiki. To, ka duba takwas ɗin nan ka faɗa mini wanda za a cire daga sahu ba tare da an yi asara mai yawa ba. Huka ne. Yawanci yana cikin mafiya gajarta a 'yan gaba, ba za a ɗaga shi ba, idan kuma shi ya ɗaga wani, gajerun hannuwansa ba za su kai shi inda dogo zai kai shi ba.

Idan ka ɗauko ɗan gefe ya yi jifa, abin da ka ƙara wa sahu kaɗan ne, amma ka rage wa 'yan baya mutum guda a lokacin da suka fi samun sarari, domin a sahun jifa ne ake tilasta wa masu tsaro su ja baya mita 10.

Alƙaliyar Wasa:
Bari in shigo da abin da doka ta tanada kafin magana ta yi nisa. Doka ta 18 a kundin hukumar World Rugby ita ce ke magana a kan fitar ƙwallo da sahun jifa, kuma babu inda ta ambaci lambar wanda zai jefa. Ta wannan fuska Malam Ɗan Gefe yana da gaskiya, kowa na iya yi. Abin da dokar ta ƙayyade shi ne yadda za a yi. Mai jifa zai tsaya ƙafafunsa biyu a wajen fili har sai ƙwallon ya bar hannunsa. Sahun yana tsakanin layin mita 5 da layin mita 15 daga gefe, da tazarar mita 1 tsakanin ƙungiyoyin biyu, kuma kowace ƙungiya sai ta kawo aƙalla mutum biyu, ƙungiyar da ke jifa ce kuma ke yanke yawan da ba za a wuce ba. Dole ƙwallon ya bi tsakiya a miƙe, ya kai layin mita 5 kafin a taɓa shi. Idan ya karkace, abokan hamayya ne za su zaɓa tsakanin su karɓi jifan ko a kafa musu sikiram. Wanda ya yi kamar zai jefa bai jefa ba, don ya yaudari masu tsalle, shi ma laifi ne.

Akwai kuma sauye-sauye biyu da aka fara gwadawa a duniya baki ɗaya daga watan Janairun 2025, waɗanda suka shafi wannan muhawara kai tsaye. Na farko, an ba ƙungiyoyi daƙiƙa 30 su kafa sahu. Na biyu, idan jifa ya karkace amma abokan hamayya ba su yi tsallen neman ƙwallon ba, wasa yana ci gaba.

Mai Bin Tarihi:
Na gode, Hajiya. Ni kuma ina so in tunatar da Baba Tsohon Huka cewa tsarin da yake karewa bai kai tsufan da mutane suke zato ba. Har zuwa wajen shekarun 1970, ɗan gefen da ke kusa da inda ƙwallo ya fita shi ne yake jifa a yawancin ƙungiyoyi, kuma dalilin mai sauƙi ne, shi ne wanda aka tarar a wurin. A wancan zamani haramun ne a ɗaga ɗan wasa, don haka sahun jifa ya fi kama da kokawa da gwiwar hannu, a cilla ƙwallo a tsakiya kowa ya yi ta kansa. Saiti bai da muhimmancin da yake da shi yau. Sai da wasan ya koma na ƙwararru masu albashi a 1995, aka kuma halatta ɗaga masu tsalle a ƙarshen shekarun 1990, sannan jifa ya zama aikin awo.

Ko bayan huka ya karɓi aikin, ba kowa ne ya bi ba. A shekarun 1980, lokacin da Jacques Fouroux yake horar da Faransa, mai lamba 9, Pierre Berbizier, shi ne yake jifa, huka kuma kyaftin, Daniel Dubroca, yana tsayawa a gurbin mai karɓa a gefen sahu. Wannan ƙungiya ba ta wasa ba ce: ta cinye duka wasanninta huɗu a gasar ƙasashe biyar na Turai ta 1987, ta kuma kai wasan ƙarshe na Kofin Duniya na farko a shekarar, inda Niyu Zilan ta doke ta da 29 da 9. A zari-ruga na mutum bakwai-bakwai ma, sau da yawa mai karɓar ƙwallo daga sikiram shi ne yake jifa. Kwanan nan kuma, a 2024, kocin Afirka ta Kudu Rassie Erasmus ya sa Cheslin Kolbe, ɗan gefen Afirka ta Kudu wanda ya taɓa buga na mutum bakwai har ya ci lambar tagulla a Olamfik ta 2016, ya yi jifa a wasan ƙasa da ƙasa. Saboda haka ba za a ce wanda ya tayar da wannan tambaya ya zo da baƙon abu ba.

Tsohon Huka:
Malam, duk abin da ka faɗa haka yake, sai dai ka bar rabin labarin. Me ya sa tsarin Fouroux bai yaɗu ba? Saboda ya sa mutumin da ya fi kowa iya miƙa ƙwallo ga 'yan baya ya tsaya a bakin layi, ya sa wanda bai kai shi ba ya tsaya inda ake buƙatar miƙawar. Tsari ne da ya dace da ƙungiyar da ke son 'yan gabanta su riƙe ƙwallo su yi ta turawa. Duk ƙungiyar da ke son ƙwallon ya fito da sauri daga hannun mai tsalle zuwa mai lamba 10, wanda ke jagorantar harin 'yan baya, ba za ta yarda da shi ba. Shi kuwa jifan Kolbe dabara ce ta ba-zata da aka shirya don lokaci na musamman. Bayan nan hukan Afirka ta Kudu ne suka ci gaba da aikinsu.

Koci:
Ina neman izinin manya in yi magana daga filin atisaye, domin ina ganin a can ne amsar take. Mutane suna kallon jifa kamar aikin mutum ɗaya, wanda za a iya gwadawa ta hanyar rataye taya a jikin turke a ce kowa ya zo ya cilla ta ciki. Ana yin wannan atisaye, yana kuma da amfani, amma ba shi ne sahun jifa ba. A wasa, mutum biyar ne suke yin abu guda a lokaci guda: mai kiran sirri, wanda yawanci ɗaya ne daga cikin dogayen, sai mai jifa, mai tsalle, da masu ɗagawa biyu.

Ku dubi abin da ke faruwa idan an kira jifan bayan sahu. Huka ya goge ƙwallon da tawul, ya jera yatsunsa a kan ɗinki, ya kai shi bayan kansa, gwiwoyin hannunsa suna fuskantar gaba. Mai tsalle ya taka gaba kamar a nan zai tashi, abokin hamayyarsa ya biyo shi, sai ya ja da baya taku biyu. A wannan ɗan lokaci, tun ƙafafun mai tsallen suna ƙasa, ƙwallon ya riga ya bar hannun mai jifa, yana tafiya zuwa wani wuri a sararin sama inda babu kowa tukuna. Idan komai ya tafi daidai, hannuwa da ƙwallo a tare za su isa wurin. Idan masu ɗagawa suka makara da ƙiftawar ido, ƙwallon zai wuce ta saman kai, 'yan kallo kuma su yi wa mai jifa ihu alhali ba shi ya yi laifin ba.

Irin wannan fahimtar juna ba ta samuwa sai da maimaici mai yawa tare da mutane iri ɗaya. A kusan kowace ƙungiya ana raba atisaye gida biyu: 'yan gaba su tafi sikiram da sahun jifa, 'yan baya su tafi tsarin kai hari da bugu. Idan mai jifana ɗan gefe ne ko mai lamba 9, to duk lokacin da ya yi tare da 'yan gaba ya rasa shi ne a wurin 'yan baya, kuma ba ni da hanyar raba shi biyu.

Ɗan Gefe:
Malam Koci, na karɓi wannan hujja ta lokacin atisaye, kuma na yarda tana da nauyi a kan 'yan baya. Amma ba ta kare huka shi kaɗai ba, 'yan gaba takwas ta kare. Mai lamba 7 yana wannan atisayen tare da su. A ƙungiyoyi da yawa shi ma ba dogo ba ne, ba shi ake ɗagawa ba, kuma sau da yawa ya fi huka laushin hannu. Idan aka gwada aka ga ya fi saiti, me zai hana ya jefa, huka ya shiga sahu ya yi ɗagawa a gaba? Ai mutumin da ke jure nauyin sikiram ba zai kasa ɗaga mutum ɗaya tare da mataimaki ba.

Sannan ina tunatar da ku cewa mu 'yan baya muna jifa a kowane wasa ba tare da an lura ba. Jifan gaggawa, wanda ake yi kafin a kafa sahu, yawanci ɗan gefe ne ko mai lamba 15 yake yin sa.

Alƙaliyar Wasa:
Gyara kaɗan a kan jifan gaggawa, ɗan'uwa. Shi doka ta sassauta masa: ana iya jefa shi a miƙe ko a karkace zuwa ɓangaren gidan mai jifa, muddin ya kai mita 5, kuma ƙwallon da ya fita ne ba wani ba, babu wanda ya taɓa shi a waje ban da mai jifan da wanda ya fita da shi. Babu mai tsallen hamayya, babu kiran sirri. Iya shi ba ya nuna cewa mutum zai iya jifan cikakken sahu.

Tsohon Huka:
Game da mai lamba 7, ƙanena, ka tambayi kanka inda yake tsayawa da dalilin tsayuwarsa a nan. Yana wutsiyar sahu ne, kusa da layin mita 15, domin da zarar ƙwallo ya fita zuwa 'yan baya shi ne zai fara isa inda aka kayar da mai ɗauke da shi, ya kare ƙwallon kada a ƙwace. Idan ka kai shi bakin layi, ka nesanta mafi saurin 'yan gabanka daga wurin da ka ɗauke shi aiki dominsa.

Ga kuma batun mol, wato turawar da ake yi a tsaye bayan mai tsalle ya sauko. Huka yana gama jifa sai ya zagayo ya manne a bayan tarin, a miƙo masa ƙwallo, ya riƙe shi a ƙarƙashin ƙirjinsa yana bin tura har layin ci. Gajarta da nauyin da ka kira nakasu su ne suke sa a kasa ƙwace masa. Ba banza ba Dan Sheehan na Ayilan, wanda huka ne, ya ci maki ta hanyar dire ƙwallo a bayan layin ci sau 5 a gasar ƙasashe shida na Turai ta 2024, babu wanda ya fi shi a gasar, sai ɗan gefen Sikotilan Duhan van der Merwe da suka yi kunnen doki.

Ɗan Gefe:
Baba, da girmamawa, wannan ta ƙarshen ba ta gamsar da ni ba. Huka yana zuwa bayan mol ne saboda shi ne ya rage a waje bayan ya yi jifa. Da mai lamba 6 ne ya jefa, shi zai zagayo ya karɓa, shi kuma za a rubuta wa makin. Abin da tsarin ya haifar ne, ba za a mayar da shi dalilin tsarin ba.

Mai Bin Tarihi:
Akwai wasa guda da nake ganin ya kamata ɓangarorin biyu su tsaya a kansa, wato wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2023 a filin Stade de France, ranar 28 ga Oktoba. Tun a zagayen rukuni Afirka ta Kudu ta rasa hukanta Malcolm Marx saboda rauni a gwiwa, kuma maimakon a kira wani huka, sai aka kira Handré Pollard, mai lamba 10. Ya rage musu ƙwararren huka ɗaya, Bongi Mbonambi, sai Deon Fourie da Marco van Staden, waɗanda a layin baya na 'yan gaba suke wasa, a matsayin madadi. Mintuna kaɗan da fara wasan ƙarshe Mbonambi ya ji rauni ya fita. Fourie, mai shekara 37, wanda ya taɓa zama huka a farkon sana'arsa, shi ya ɗauki aikin har ƙarshen wasa, a daren da aka yi ruwa ƙwallo yana santsi, a gaban masu tsallen Niyu Zilan. Afirka ta Kudu ta rasa wasu daga cikin jifanta a wannan dare, amma ta ci kofin da 12 da 11.

Malam Ɗan Gefe zai iya cewa ga shaida, wanda ba huka ne na yau da kullum ba ya jefa kuma an ci kofi. Baba kuma zai iya cewa ga shaida, ƙungiyar da sahun jifa yake cikin manyan makamanta ta sha wuya da zarar ƙwararren ya fita, tazarar maki ɗaya ce kawai ta raba su.

Koci:
Wannan misali ya kai mu ga hujjar da nake ganin ta fi duk waɗanda muka ambata ƙarfi, kuma ba ta da alaƙa da siffar jikin kowa. A manyan wasanni ƙungiya tana zuwa da mutum 23, takwas a benci, kuma saboda kare lafiya a sikiram, doka ta wajabta a samu madadin kowane gurbi na layin gaba: mai lamba 1, huka, da mai lamba 3. Ma'ana, duk yadda koci ya tsara bencinsa, akwai huka na biyu a zaune. Idan aikin jifa yana hannun huka, to an samu madadin mai jifa ba tare da an kashe wani gurbi ba, kuma su biyun suna atisaye iri ɗaya da masu tsalle iri ɗaya duk mako.

Yanzu a ɗauka na bi shawarar ɗan'uwana na ba mai lamba 7 jifa saboda ya fi kowa saiti. Ya ji rauni a minti na 20. Wanda zai maye gurbinsa an zaɓe shi ne saboda iya kayar da mutum da ƙwace ƙwallo, babu tabbacin ya taɓa jifa. Huka kuma na cire shi daga wannan aiki tun farkon kaka, hannunsa ya yi sanyi. Na sayi ƙarin saiti kaɗan a ranar da komai yake lafiya, na sayar da dukan sahun a ranar da abu ya ɓaci. Ga kuma makon gaba: idan mai lamba 7 ɗin ya daina taka rawar gani a ainihin aikinsa, ba zan iya ajiye shi ba, domin jifa ya ɗaure mini hannu.

Kuma sahun jifa ya fi ƙarfin a yi caca da shi. Daga nan ƙungiyoyi da yawa suke fara harin da ke kai su ga ci. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2011, wanda Niyu Zilan ta ci Faransa da 8 da 7, direwa ɗaya tilo da ta samu daga shirin sahun jifa ta fito, aka buɗe gibi a tsakiya Tony Woodcock ya ratsa. A na 2007 kuwa, rinjayen da Victor Matfield na Afirka ta Kudu ya yi a sama, da John Smit yana jefa masa, yana cikin abin da ya hana Ingila sakat har aka tashi 15 da 6. Dokar 50:22 da aka fara gwadawa a duniya baki ɗaya a 2021, wadda ke ba mai bugu jifa idan ya buga daga rabinsa ƙwallon ya yi tsalle a fili ya fita cikin mita 22 na abokan hamayya, ta ƙara wa wannan fanni daraja.

Ɗan Gefe:
Wannan hujja ta benci ta fi ƙarfina a matakin ƙwararru, kuma ba zan yi jayayya da ita ba. Amma ina roƙon a lura cewa yawancin masu buga zari-ruga a duniya ba ƙwararru ba ne. Ƙungiyar makaranta ko ta masu sha'awa ba ta da mutum 23, wani lokaci da ƙyar take haɗa 15, atisayenta kuma tare ake yi gaba ɗaya. A can babu huka na biyu a benci, babu mai koyar da jifa na musamman. Abin da ke ba ni takaici shi ne in ga ƙaramar ƙungiya tana zubar da ƙwallo jifa bayan jifa, tana kuma ci gaba da miƙa wa mutum ɗaya saboda haka aka gani a talabijin. Har ma akan ajiye yaro mai ƙarfin sikiram a benci don bai iya jifa ba, a sa wanda zai jefa da kyau amma sikiram ya rushe a kansa, wanda hakan haɗari ne ga wuyan yara.

Koci:
A wannan matakin ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Lafiyar sikiram ita ce gaba da komai wajen zaɓen mai lamba 2, jifa kuma a ba wanda ya iya a cikin 'yan gaba, ko ma mai lamba 9 idan babu. A ƙasashe da yawa ma ba a yarda a ɗaga ƙananan yara a sahu ba sai sun kai wasu shekaru, don haka lissafin Baba na masu ɗagawa bai taso ba tukuna. Sharaɗina ɗaya ne: kada a daina koya wa yaron jifa. Idan yana da burin yin nisa a wannan gurbi, ranar da zai je gwaji a babbar ƙungiya za a miƙa masa ƙwallo, kuma ba za a saurari uzuri ba.

Tsohon Huka:
Madalla da wannan sharaɗi, domin jifa abu ne da ake koya, ba baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita ba. Tom Youngs ɗan tsakiya ne a cikin 'yan baya kafin a mayar da shi huka a ƙungiyar Leicester. Duk da ya taso yana sarrafa ƙwallo da hannu, jifa ne ya fi ba shi wahala a sabon gurbin, abin da ke nuna cewa iya miƙa ƙwallo a guje daban yake da iya jefa shi daga bayan kai a tsaye. Da naci ya kai har ya buga wa Ingila, ya kuma shiga Lions, haɗaɗɗiyar tawagar Birtaniya da Ayilan, a 2013. Steve Thompson ma daga layin baya na 'yan gaba aka dawo da shi, ya ci Kofin Duniya da Ingila a 2003.

Ina kuma roƙon masu kallo su riƙa adalci kafin su ɗora laifi. A Kofin Duniya na 2015, a filin Twickenham na Landan, Ingila tana bin Wales da maki uku a ƙarshen wasa, ta ƙi bugun da zai iya kawo kunnen doki, ta buga kusurwa don neman ci ta sahun jifa. Aka kira jifan gaban sahu, aka cafe lafiya, Wales ta tura su waje saboda kusancinsu da layi, aka tashi 28 da 25. Mai jifa ya kai ƙwallon inda aka ce ya kai. Kiran ne bai yi ba, kuma ko wa ka ba ƙwallon a ranar, sakamakon ɗaya ne.

Alƙaliyar Wasa:
Akwai yanayi guda da kowace ƙungiya, babba ko ƙarama, za ta gamu da shi, kuma a nan shawarar Malam Ɗan Gefe ta zama dole. Idan na ba huka katin gargaɗi, zai zauna a waje minti 10. Ba a shigo da madadinsa nan take ba, sai an zo kafa sikiram, a lokacin ne huka na biyu zai shigo, wani ɗan wasa ya fita a madadinsa. Idan sahun jifa ya riga sikiram zuwa, to dole wani daga cikin 14 da ke fili ya jefa. Na sha ganin 'yan wasa suna kallon juna a irin wannan lokaci, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya ɗauki ƙwallon, agogon daƙiƙa 30 kuma yana tafiya.

Koci:
Haka ne, Hajiya, shi ya sa nake ware ɗaya daga cikin masu lamba 6 da 7 ya riƙa jifa a kowane atisaye, ko da kaɗan ne, kuma da kira biyu ko uku kawai nake haɗa shi. Abokan hamayya suna ganin sabon hannu ya ɗauki ƙwallo za su tura mafi tsayinsu gaban sahu, domin sun san can ne mai ƙarancin ƙwarewa yake neman mafaka. Saboda haka ɗaya daga cikin kiran nan dole ya zama na tsakiya, a rage sahun zuwa mutum huɗu ko biyar don a samu filin motsi, sauran 'yan gaban su koma cikin 'yan baya su jira ƙwallo.